Aji ko bencin Kwari: a ina ɗalibin kasuwanci yake koyon kasuwanci?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan, tunda a cikinmu akwai ɗalibai, akwai malamai, akwai kuma iyayenmu da suka tsufa a kasuwa.

Ina zango na uku a karatun MBA na ƙarshen mako, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci. Litinin zuwa Juma'a ina ofis, Asabar da Lahadi ina aji daga safe har bayan la'asar. Malaminmu na harkar kuɗi ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya nemi ɗan kasuwa guda, ya duba yadda kuɗi ke shigo masa da yadda suke fita. Mu shida ne, sai na ja su zuwa wurin kawuna a Kantin Kwari. Shadda da atamfa yake sayarwa, ya haura shekara talatin a layi ɗaya.

Muka je da kwamfuta da takardar tambayoyi, ya sa yaro ya jawo mana benci. Tambayar farko: Kawu, nawa ka ci riba bara? Ya ce shi ba ya lissafin riba da naira. In lokacin fitar da zakka ya zo, sito yake shiga ya ƙirga dila. In ya tarar sun fi na bara yawa, bayan an ci an sha an biya kuɗin makarantar yara, to ya ci riba. In sun ragu ya faɗi, ko da kuɗin da ke asusunsa sun ninka. Kun dai tuna da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Kawu ya ce a kan idonsa samari suka sayar da kaya suna murna sun ɗora riba a kan yadda suka saro, da suka koma sari sai kuɗin dila goma ya kasa kawo shida. Shi kuwa kullum da safe sai ya ji ta bakin 'yan canji na Wapa kafin ya yanke farashi, don shi nawa zai sake saro kayan yake dubawa, ba nawa ya saro su ba.

Na yi shiru. Wannan darasin mun yi shi a aji, na rubuta shi a jarrabawa, na kuma ci. Amma bai shiga kaina ba sai ranar, a kan benci, 'yan dako na ta wucewa da dila a ka. Tun daga nan nake tambayar kaina: kuɗin da nake zubawa, da Asabar da Lahadin da nake hana iyalina, me suke ba ni wanda zaman shekara biyu kusa da Kawu ba zai ba ni kyauta ba? Don Allah gaskiya nake so, ba lallashi ba.

Abu Hanan:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, abin da ya faɗa gaskiya ce tsagwaronta. Amma da ina cikin rukunin nan da na yi masa tambaya ta biyu: Kawu, mutum nawa kake bi bashi yanzu, kuma a ina aka rubuta?

Shekarata goma sha ɗaya a bankin Musulunci, sashen da ke ba 'yan kasuwa jari. Mutum zai zo, kowa a kasuwa ya san yana juya ɗaruruwan miliyoyi, yana son mu sayo masa kaya. Ka ce ya kawo lissafin shekara biyu, babu. Ka duba asusunsa, ka ga kuɗin ciniki da na lefen ɗansa da na Umara da gudummawar masallaci duk ta ƙofa ɗaya suke fita. Ni na san mutumin kirki ne. Amma waɗanda za su sa hannu suna Legas ko Abuja, ba su taɓa ganin fuskarsa ba, takarda kaɗai suke gani. Haka za ka ga wanda bai kai rabinsa ƙarfi ba ya samu, don shi ya tsara takardunsa. Wannan tsarin a aji ake koyar da shi, benci ba ya koyarwa.

Alhaji Na Singa:
Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa.

Yaron banki, ɗana, na ji ka, kai ma ka ji ni. Ni allo na yi, sai ɗan yaƙi da jahilci da dare. Da ɗaukar katan na fara a shagon maigidana, shekara tara kafin ya sallame ni. Ranar sallama bai ƙirgo mini kuɗi ba. Kaya ya ba ni, sannan ya kama hannuna ya kai ni wurin mutum uku da yake sari a wurinsu, ya ce wannan ɗana ne, ku ba shi kamar yadda kuke ba ni. Wannan kalmar ita ce uwar kuɗina, da ita na yi aure, da ita na je Makka.

A farkon 2023 da aka canza takardun ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, in an turo ta waya ma sai su maƙale kwana biyu. Me ya riƙe kasuwa? Mutanen Gumel da Haɗeja da Daura da suka saba da ni, na loda musu sukari da taliya da shinkafa suka tafi, ban karɓi sisi ba. Kowa ya kawo daga baya in ban da mutum ɗaya, shi ma rasuwa ya yi, 'ya'yansa suka kawo rabi na yafe rabi. Wane banki ne zai yi wannan?

Amma zancen rubutu, nan ka taɓa ni inda yake mini ciwo. Maigidan nan nawa, Allah ya jiƙansa, duk bashin da yake bi a kansa yake. Da ya rasu, masu tsoron Allah suka kawo, sauran suka yi shiru. Masu binsa kuwa kowa ya zo da shaidunsa. Aka raba abin da ya rage tsakanin mata uku da 'ya'ya ashirin da biyu, shago ya koma hannun wani. Yau in ka tambayi yaran layin sunansa, ba su sani ba. Mutumin da ya sallami yara sun fi goma. To in akwai karatun da zai hana wannan, ni da kaina zan biya wa jikana ya yi.

Auta:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ni ina aji biyu a jami'a, sashen gudanar da kasuwanci, kuma maganar nan ta sa gabana ya faɗi. Ke nan shekara huɗun nan asararsu zan yi? Babana malamin firamare ne, ba mu da kowa a kasuwa.

Maman Ilham:
Auta, kwantar da hankalinka ƙanena, ba asara ba ce.

Bari in faɗi abin da maza ba su lura da shi ba. Kuna ta zancen benci kamar kowa zai iya zuwa ya zauna. Ni matar aure ce da 'ya'ya uku. Ba ni da kawu a Kwari, ko ina da shi ba zan je in wuni cikin maza ba. Makarantar ita ce bencina.

Garin kunu da yajin daddawa nake haɗawa a gida, ina tallatawa ta WhatsApp da Instagram. Shekara huɗu ina yi kafin in shiga karatun, kullum kuɗi na shigowa, kullum ban ga abin da na tara ba. A aji ne aka tilasta mana rubuta komai, har gas, da katin waya, da kuɗin ɗan sahun da ke kai saƙo, da ladan yarinyar da ke taya ni tankaɗe. Ranar da na gama lissafin na zauna na yi tagumi, don ƙaramar ledar da ta fi tafiya, wadda nake alfahari da ita, ashe faɗuwa nake yi a kan kowace ɗaya. Daga nan na yanka wa kaina albashi, na daina ɗiban kuɗin cefane daga jakar ciniki.

Amma in ka tambaye ni inda na fi ƙaruwa, a gindin bishiyar da muke cin shinkafa da wake bayan sallar Azahar ne. A ajinmu akwai ma'aikacin kwastam, akwai mai kantin magani, akwai wata 'yar'uwa da ke aikin haraji, akwai injiniya. Ita mai aikin harajin ce ta zauna da ni muka yi rajistar sunan kasuwancina ta waya a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, ita ta gaya mini dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar buɗe kamfani shi kaɗai. Mai kantin maganin ya bayyana mini abin da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, take dubawa kafin ta ba da lamba, da dalilin da manyan kantuna ba sa karɓar kayan ci in babu ita. Injiniyan ya haɗa ni da masu buga leda a Sharaɗa. Ba wanda ya karɓi ko kwabo.

Wahala kam akwai ta. Na yi zango guda ina shayarwa, ƙanwata na riƙe da jaririyar a mota ina fitowa tsakanin lacca da lacca. Aikin rukuni sai ƙarfe goma na dare ta waya, bayan yara sun yi barci. Da azumi ga aji ga tunanin buɗa baki. Mun yi adashi don biyan kuɗin zango, wanda aka fi matsa wa shi yake fara ɗauka. Da mahaifin ɗaya daga cikinmu ya rasu, motoci uku muka yi zuwa ta'aziyya. Waɗannan mutanen, Ɗan Fagge, ba zan same su a tsakar gidana ba.

Gaskiya Ɗaya Ce:
Ku yi haƙuri, zan faɗi wadda ba a so. Hajiya ta dace da aji mai kyau, Allah ya sanya alheri. Ni na gama irin karatun nan shekara huɗu da suka wuce, ba zan ambaci makarantar ba. Da yawanmu takardar muka je nema saboda ƙarin girma a ofis. Aikin rukuni mutum ɗaya ke yi, biyar su turo kuɗin buga takarda a sa sunansu. Malamin da ya koyar da mu dabarun talla misalansa duk na kamfanonin Amurka ne, ko sau ɗaya bai ambaci Kwari ko Dawanau ko Farm Centre ba, alhali rabin abin da muka sa a jikinmu daga can ya fito. Na fita da takarda, an ƙara mini girma, amma da a ce a ranar aka ba ni shago da kaya, da ban san ta inda zan fara ba. Abin yana damuna har yau, don kuɗin da na biya bashi na ci.

Malam Mai Alli:
Shekara goma sha takwas ina koyarwa a wannan fanni, kuma ba zan ƙaryata ka ba, ɗalibina. Abin da ka faɗa yana faruwa. Amma ina so mu gane daga inda matsalar ta taso.

Makarantar kasuwanci ta Harvard, wadda aka kafa a 1908, ta yi suna ne da koyarwa ta hanyar labarin kamfani. Labaran nan ba daga sama suka faɗo ba. Malamanta ne suke zuwa kamfanoni su zauna, a buɗe musu littattafai, su rubuta matsalar da wani manaja ya shiga, su kawo aji su ce wa ɗalibi: kai ne shi, me za ka yi? Wato bencinsu suka ɗauko suka shigar aji. Mu kuma sai muka aro nasu, muka bar namu a rana.

Ga shi namu ba ƙarami ba ne. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A cikin shekarun nan ne, a 1494, wani malamin lissafi a Italiya, Luca Pacioli, ya wallafa yadda 'yan kasuwar Benis suke rubuta kowane ciniki gida biyu, abin da ya shiga da abin da ya fita, tsarin da muke koyarwa har gobe. Su sun rubuta nasu. Namu fataken sun ɗauko goro daga Gwanja, sun kai fata da tufafin rini hayin Sahara, da madugu da jagaba da fatoma da dillali, kowa da aikinsa da la'adarsa. Duk tsari ne, sai dai a baki ya rayu. Ku dubi Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955. Da goro ya fara, da layin dogo ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya juya can, ya baza wakilai a garuruwa suna saya masa. Yaya yake zaɓar wakili? Yaya yake sa ido a kan kuɗin da ya aika ƙauye? Wannan kaɗai ya isa darasin zango guda.

Makarantu yanzu muna da su. Ta Legas tun 1991 take, ta Ɗangote a Jami'ar Bayero an buɗe gininta a 2018, ga ta Ahmadu Bello a Zariya. Gine-gine sun samu, labaranmu ne ba su samu ba. Kuma ba laifin malamai kaɗai ba ne. Na sha zuwa kasuwa da takarda, da an ga biro a hannuna sai fuska ta canza. Wani yana tsoron daga ofishin haraji nake, wani yana tsoron baki. Ba na ganin laifinsu. Shi ya sa ɗalibi irin Ɗan Fagge ya fi ni daraja a nan: shi an jawo masa benci, ni ba za a jawo mini ba.

Ɗan Fagge, abin da Kawu ya gaya maka a kan ƙirga dila, ka nemi izininsa ka rubuta shi, ba suna, ba lambar shago. Ka sa shekarar, ka sa farashin dala, ka tsaya daidai inda zai yanke shawarar ya sayar ko ya riƙe. Zan koyar da shi.

Gaskiya Ɗaya Ce:
Malam, ranka ya daɗe, in haka ne me ya hana a gayyato irin su Baba Alhaji su shigo aji da kansu?

Malam Mai Alli:
Harshe, da kuma girman kan boko. Na gwada sau ɗaya. Na gayyato wani dattijo mai sayar da hatsi, na ce ya yi da Hausa, wani ɗalibi ya riƙa fassara wa waɗanda ba sa ji. Laccar awa biyu ce, ba mu tashi ba sai da aka kira Magariba. Da ya zo kan yadda ake sallamar yaron shago, sai wani ɗalibi ɗan ƙabilar Ibo daga Sabon Gari ya miƙe ya ba da labarin nasu tsarin, yadda yaro ke yi wa maigida hidima shekaru a sallame shi da jari. Suka yi ta kwatantawa, inda suka yi kama da inda suka bambanta. Ni ban ce komai ba, rubutu kawai nake yi.

Bazazzagiya:
Ni na ɗanɗana duka biyun, bari in sa baki. Bayan na gama karatun na samu aiki da masu sayen riɗi da zoɓo a Dawanau suna fitarwa waje.

Watan farko na zo da lissafina tsaf a manhajar Excel ta kwamfuta: nawa za mu saya, nawa kuɗin dako, nawa kuɗin mota zuwa tashar jirgin ruwa a Legas. Abin da ban sa ba shi ne riɗin farkon kaka yana da ɗanyanta, in ya zauna a sito ya bushe nauyinsa raguwa yake yi. Ban kuma sa ƙasa da ƙaiƙayin da za su fita in an tace ba. Wani dattijo mai awo ne ya tausaya mini. Ya ce 'yata, kada ki dubi bakin buhu, zura hannu har gwiwa ki ɗebo na ciki. Ya koya mini in murza, in ciza, in sunsuna. Har yau in na ga riɗi sai na tuna shi. Ba littafin da ya gaya mini wannan.

Amma ga ɗaya gefen. Mai saye yana Turkiyya ko Japan, zoɓon kuwa mafi yawa Meziko yake tafiya, can ma shansa suke yi. Takardar yarjejeniya tana zuwa da Turanci, shafi goma ko fiye. A ciki aka faɗi wa zai biya kuɗin jirgi, a wane wuri kaya suka tashi daga wuyanka suka koma wuyansa, yawan laimar da aka yarda da ita, da abin da zai faru in gwaji ya nuna magani. Wanda bai iya karanta wannan ba zai cika kwantena da kaya masu kyau ya tashi ba ko uwar kuɗi. Ku tuna a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da wake daga Najeriya saboda maganin ƙwarin da aka samu a ciki ya wuce ƙa'ida, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Mai sito ya san maganin yana kashe ƙwaro. Bai san ya rufe masa kasuwar nahiya guda ba, don ba wanda ya zo ya gaya masa da harshensa. Wannan aikin waye in ba namu da muka yi karatu ba?

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Muna biye da ku. Ni lakwal na yi da Faransanci, na karanta harkar gudanarwa a Yamai, na dawo wajen tsohona da ke ɗauko kaya daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa.

Abin da Kawun Ɗan Fagge ya faɗa mu nan kullum cikinsa muke, don kuɗi biyu muke riƙewa. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi, naira kuwa yau tana nan gobe tana can. In naira ta faɗi, kayan Kano sun yi mana araha. Amma wanda ya kai wake ko bisashe Najeriya aka biya shi naira, in ya kwana biyu da ita a aljihu ya yi asara. Shi ya sa tsohona bai taɓa dawowa da naira ba, nan take yake mayar da ita kaya. Bai san sunan abin a littafi ba, ni na san sunan amma a wajensa na ga yadda ake yi.

Inda karatuna ya yi rana shi ne da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 har Disambar 2020. Jarinmu duka a hanya ɗaya yake, muka sha wuya. Da aka buɗe na zauna na rubuta masa wata-wata abin da muka rasa, na roƙe shi mu raba ƙafa, mu sa wani kaso a kayan da ake nomawa nan gida. Ya jima bai yarda ba. Da aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024, wannan kason ne ya ci da gida.

Alhaji Na Singa:
Madalla da ɗan da ya san yadda ake gaya wa uba magana.

Yaron banki, ina da tambaya. Abin da kuke yi a bankunan Musulunci, ai mun karanta shi a zaure, a Risala, babin ciniki. Ƙiradi. Mai kuɗi ya bayar, mai ƙarfi ya juya, a raba riba yadda aka shirya tun farko. In an faɗi ba da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai juyawa ya rasa wahalarsa. Haka nake yi da yarana uku yanzu. Me ya sa in an je banki ba a samun wannan?

Abu Hanan:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, tambayar ta kai. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 wasu suka biyo baya, abin da aka fi yi shi ne banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da kuka sani, ka biya a hankali. Ƙiradi yana nan a tsarin, amma yana da wuyar yi, don banki ba zai raba ribar da bai gani ba. Kai kana ganin yaranka kullum, ka san iyayensu, ka san masallacin da suke salla. Banki ba shi da wannan idon, littafi ne idonsa. Ranar da 'yan kasuwarmu suka riƙe littafin da baƙo zai duba ya gamsu, ranar ƙiradi zai yi sauƙi.

Alhaji Na Singa:
To na gane. Auta, ɗana, ka ce ba ku da kowa a kasuwa. Yanzu kana da ni. Kada ka bar karatunka. Ranar Asabar ka zo shago, ka ɗauki katan, ka ga yadda ake tayi da yadda ake cewa albarka. In ka yi wata uku ban ga hannunka ya yi tsawo ba, sai ka buɗe mini littafin nan da ake ta faɗa. Ka yi wa jikana magana ta gefe ya kwatanta maka.

Auta:
Baba na gode, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata. Zan gaya wa mahaifina yau.

Ɗan Fagge:
Jama'a na gode ƙwarai. Jiya bayan la'asar na koma wurin Kawu ni kaɗai, na yi masa tambayar Abu Hanan, na kuma ba shi labarin maigidan Baba Alhaji. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfe ya fito da littattafan makaranta guda huɗu, duk da ajami. Ashe yana rubutawa, sai dai shi kaɗai zai gane. Wani an sa laƙabinsa kawai da garinsu, wani an soke an sake rubutawa sau uku, wani ba kwanan wata. Ya ce akwai na mutum kusan ashirin da ba ya ko ciki, don kunyarsu yake ji.

Ya ce in riƙa zuwa ranar Lahadi in na taso daga aji, ni da babban ɗansa, yana karantowa muna kwafewa da cikakken suna da rana da adadi. Sharaɗinsa biyu: littafin ba zai fita daga shago ba, kuma ba za a sa shi a waya ba. Na yarda. Zancen rubuta labarin dila ma ya amince, ya ce in dai ba suna. Malam, in na gama zan turo maka ka gyara. Akwai wurin da nake son taimako, yadda zan nuna bashin da aka bayar da naira kafin dala ta tashi aka biya bayan ta tashi, don Kawu ya ce a nan ne ya fi jin jiki, ba a kayan sito ba.

Malam Mai Alli:
Turo. Wannan wurin kada ka warware shi, ka bar wa ɗalibai su yi ta fama da shi.

Alhaji Na Singa:
Auta, ka zo da sassafe kafin motocin Gumel su fara lodi. Kada ka sa fararen kaya.